Gizo Ya Tafi Kudu

Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya zaman Ibadan?

Jiya muna ɓarar gyaɗa a gindin darbejiya, 'yarka Hafsa ta yi mana tatsuniyar Yarabawa da rana tsaka, ko Gizo ba ta ɗaure ba. Wai Kunkuru ne ya ari gashin tsuntsaye ya tashi sama. Inna ta lumshe ido ta ce, "Ai Gizonmu ne. Kudu ya tafi cirani, ya yi ƙoƙon baya, tafiyar gida ta yi masa nauyi." Ta daɗe tana kallon hanyar Ɗanbatta.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa. Yaya, kai ma ka ari gashin nan ka zo.

Ƙanwarka,
Binta