Na ce wa Bappa fiffiken jirginsa lafiya lau

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a ji ni kafin a zage ni, tsoron da nake ciki ma ya ishe ni.

Ni ɗan unguwar Majidaɗi ne a Jalingo. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki nake yi a filin jirgi, amma a gida kowa Injiniya yake kirana, ni kuma daɗin sunan ya hana ni gyara musu. Bappana, ƙanen mahaifina wanda ya riƙe ni tun ina maraya, ya samu wani tsohon ƙaramin jirgi zai saya wa ɗansa Hamza da ya koyo tuƙi. Mai sayarwa da kansa ya ce jirgi mai irin waɗannan shekaru dole a buɗe fiffikensa, a sa na'ura a duba ƙarfen da ke riƙe da shi daga ciki, kuma kawo ƙwararren yana da tsada. Bappa ya yi dariya, ya daki jirgin kamar yadda yake dukan gadon bayan bijimi a kasuwa, ya ce, "Ina da injiniya a gida, zan biya wani? Yarona, duba mana shi." A gaban abokansa fa! Mu da ko ido ba ma haɗawa da Bappa, ta yaya zan ce ban iya ba? Na zagaya, na ƙwanƙwasa, na ce lafiya lau. Ya ce, "Useko," wato na gode da Fulatanci, ya saya.

Jiya na koma ni kaɗai, sai na ga wani farin gari kamar gishiri yana fitowa inda fiffiken ya haɗu da jikin jirgin. Na nuna wa wani injiniyan gaske hoton, ban ce na waye ba. Ya ce tsatsa ce, kuma ta ciki takan fi ta waje, fiffike yana iya rabuwa a sama.

Ranar Asabar Hamza zai tashi da shi, kuma Bappa ya ce shi zai zauna kusa da ɗansa tunda ni na duba. Na san dole in hana su, amma sau biyu ina zuwa ƙofarsa, gaisuwa kawai nake yi in fito. Jama'a, da wane baki zan fara? Me zan yi?