Sarƙar da Na Ɗaure da Rula

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Sarƙar babur ta sake zamewa, a ƙofar masallaci, a gaban jama'a. Karo na uku cikin mako guda. Na durƙusa da wannan gwiwar ina mayar da ita, hannu duk baƙin mai, ana wucewa ana "sannu Hedimasta". Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, abin da ya rage mini ke nan, suna.

Na duba da na dawo gida. Sarƙar ta miƙe, babu sauran wurin ja. Haƙoran sifiroket na baya, faifan da sarƙa ke bi ta kansa, sun yi tsini sun karkace kamar bakin shaho. Na gaban ma haka. Daga nan zuwa kwalta kilomita bakwai ne, ni kuwa ƙafata ko bakin rijiya ba ta kai ni sai na huta. In babu babur ɗin nan, ni da akuyar da ke turke ɗaya muke.

Talata, 3 ga Satumba

Mufida, 'yata da ke aure a Bodinga, ta kira. An dawo da Malam Attahiru gida daga asibiti, ba don ya warke ba. Ta ce, "Baba, sau biyu shina tambayar ka."

Tare muka yi kwalejin horon malamai. Kowace Alhamis nakan je wurinsa a Bodinga mu zauna a zaure mu zagi zamani. Shi kaɗai ya rage wanda zan ce na karanta abu kaza, ya ce a wane shafi.

Laraba, 4 ga Satumba

Salamatu, matata, ta ce in hau kabu-kabu. In zauna a bayan yaron da na kora daga aji, ina riƙe da rigarsa? Ta ce to in kai wa Husaini babur ɗin. Na ce ta kawo mini ruwa.

Ciki ɗaya muka fito da Husaini, rana ɗaya. Da aka zo neman yara, Baba ya miƙa ni makaranta, ya riƙe shi a gona. Yanzu shi ne mai gyaran babur na garin nan, rumfarsa tana ƙarƙashin dogonyaron bakin kasuwa. Shekara takwas ba mu yi magana ba, ban da sallamar da addini ya wajabta. Ranar rabon gonar fadama na ce masa, a gaban dattawa, me jahili ya sani. Na faɗa, an ji.

Alhamis, 5 ga Satumba

Ban je ba. Ruwa tun safe.

Asabar, 7 ga Satumba

Khalid, mijin Mufida, ya aiko da kayan ta hannun direban motar kasuwa: sarƙa da sifiroket biyu. Gaskiya ne ba a canza ɗaya a bar ɗaya, tsohon haƙori cinye sabuwar sarƙa yake yi. Wannan ba sai makaniki ya gaya mini ba, yana cikin littafin da ya zo da babur ɗin, wanda na tabbata ni kaɗai ne a garin nan ban yar da nawa ba.

Tun hantsi nake kai. Na kafa shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, na cire tayar baya, na wanke wurin da kananzir. Noti ɗaya ya ƙi, sai da na sa wa sifana bututu. Na ɗora sabbin sifiroket, na zarga sarƙa, na kulle mahaɗin. Sannan na ɗauko rular da nake shiga aji da ita na auna sakinta. Littafi ya ba da iyaka biyu, na ɗauki ta ƙasa, har na ɗan ƙara ja don kada ta sake kunyata ni. Ta yi tsaf. Salamatu ta leƙo ta ce, "Malam, ashe ka iya." Ashe.

Gobe Bodinga, in Allah ya so.

Lahadi, 8 ga Satumba

Kilomita uku na yi. Tun daga gida sarƙar tana wani kuka siriri, na ce sabunta ne. A gangaren da ruwa ya zaizaye, tsakanin gonakin gero, na faɗa rami, sai ji na yi ƙas. Injin yana ta ihu, taya a tsaye. Sarƙar tana kwance cikin laka kamar macijin da aka kashe.

Na zauna a gindin kalgo har azahar. Wani Bafulatani mai amalanken shanu ya ɗauko mu, ni da babur. Hanya ɗaya ce ke shiga gari, ta gaban dogonyaro. Ban duba ba. Na san yana nan, na ji guduma ta tsaya.

Litinin, 9 ga Satumba

Bango, rufi, akuya.

Talata, 10 ga Satumba

Mufida ta ce Attahiru ya daina karɓar kunu. Sannan ta ce, "Baba, in za ka zo, ka zo." Ban taɓa jin ta yi mini magana haka ba.

Na karanta shafin awon sarƙa na littafin babur ɗin sau huɗu. Ban ga inda na kuskure ba, in ban da ɗan jan da na ƙara.

Laraba, 11 ga Satumba

Na tura shi da kaina, ina tsayawa ina hutawa. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Ya tsufa. Furfurarsa irin tawa ce sak, har inda ta tsaya.

Ya juya sarƙar a hannunsa. "Wa ya ɗaure wagga awa tsarkiyar baka?"

Na ce da awo na yi.

"Wa ke bisa sa'adda kaka awon?"

Na ce babu kowa.

Bai yi dariya ba, da ya yi da na fi jin sauƙi. Mahaɗin ne ya fashe, da 'ya'ya biyu na kusa da shi. Ya cire su, ya sa waɗansu daga gwangwaninsa, ya mayar. Sai ya sauke babur ɗin ƙasa ya ce, "Hau ka zamna."

Na ce don me.

"Ba a ɗaure sarƙa babur shina wohi. Naka ya tsuhwa, baya nai zamnawa shikai in an hau, sarƙa ta miƙe. Kai ka hawa nai, da nauyinka za ni auna. Hau, Hassan."

Rabon da wani ya kira ni Hassan tun rasuwar Inna.

Na hau. Ya tsuguna a ƙafata yana tura babur ɗin kaɗan-kaɗan, yana ɗaga sarƙar da yatsa, har ya sami inda ta fi tauri, a nan ya daidaita. Ina kallon ƙeyarsa. Ya ce, "Ka yi nauyi, Hedimasta. Hwansho ya karɓe ka." Na ce fanshon da ba ya isa gishiri. Ya yi wani sauti ta hanci.

Ya shafa mata mai da gashin kaza, kaɗan. Ya ce in ya yi yawa yashi yake kamawa ya zama dutsen niƙa. Ya ce sabuwa takan saki, a duba ta bayan mako biyu. Na sa hannu aljihu, ya juya ya kama wani aikin.

Alhamis, 12 ga Satumba

Na isa kafin azahar. Sarƙar ko tari ba ta yi ba, har ramin nan.

Attahiru ya zama ƙashi. Ya gane ni. Ya ce, "Ka makara, Malam, an buga ƙararrawa." Na ce babur ne. Na karanta masa jarida, rabin shafi, ba ya ji ina tsammani, amma bai saki hannuna ba har la'asar.

Lahadi, 15 ga Satumba

Attahiru, jiya da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sami jana'iza. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Laraba, 18 ga Satumba

Gobe Alhamis. Babu inda za ni.

Na taɓa sarƙar da safe, kamar ta ɗan saki. Salamatu ta ce ai mako ɗaya ne yau, mako biyu aka ce. Me ta sani game da sarƙa. Ba ta aunuwa sai da mutum a kai, ni kuwa ba zan hau in kuma tsuguna ba. Na ce ta ɗaure mini goro biyu, zan bi ta gindin dogonyaro.