Takalman Gusau

Zuwa ga Adda Hassi,

Assalamu alaiki, tare da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi. Ƙanenki Bello ne. Kin san ban yi nisa a boko ba, ki yi haƙuri da rubutun. Akwai laifin da na yi miki wanda na kasa haɗiyewa.

Ranar da kika rasu, aka kai ɗiyarki Kulu gidan maƙwabta don kada ta ga fitarki, kamar yadda aka saba yi wa yara. Da ta tambaye ni ina kike, ni da bakina na ce kin tafi Gusau sayo mata takalma. Na ɗauka tausayi ne.

Wata bakwai, Adda, yarinyar nan ba ta yarda takalmi ya taɓa ƙafarta ba. Ta koma cizon yara a Islamiyya, ta daina magana sai da kai. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Ni kuwa har tsumagiya na sa mata. Ni da kika goya. Ni da nake gane saniya marar lafiya a kasuwar shanu ta kara tun daga tafiyarta.

Malamarsu ce ta tura mu wajen wata likitar yara. Na zaci allura za a yi. Sai na ga tabarma, da tiren yashi, da 'yan tsana. Matar ta zauna ƙasa tana kallon Kulu na wasa, ba ta ce mata yi kaza ba. Raina ya ɓaci, na bar teburin nama a Gawon Nama don wasan ƙasa! Ta ce mini, "Yaro da wasa yake magana, kai dai ka saurara."

Zuwanmu na biyar, Kulu ta naɗe 'yar tsana da ƙyalle, ta ɗora ta a murfin kwano, ta jera 'yan tsana maza huɗu suka ɗauka. Sannan ta ɗaga ɗaya daga cikinsu, ta yi masa murya irin tawa: "Ta tafi Gusau."



Da muka dawo gida na zaunar da ita a zaure, na faɗa mata ba za ki dawo ba, kuma ƙarya na yi. Ta ce ta sani. Ta ƙarƙashin ƙyauren maƙwabta ta leƙa, ta gane silifas ɗina a ƙarƙashin makara. Ashe duk watannin nan ita kaɗai take riƙe da mutuwarki, mu manya muna ta yi mata Gusau. Ranar ta yi kukanki, na taya ta.

Ba ta warke duka ba, shekaranjiya ma ta ciji wata. Muna dai komawa kowace Laraba. Amma jiya ta ɗauko tsoffin takalmanki ta sa, sun yi mata yawa, tana ja har bakin ƙofa.

Ki yafe mini, 'yar'uwata. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya raya mana Kulu.

Ƙanenki da ya daina cewa Gusau,
Bello