A Ba Ni Izinin Tsince Mangwaron da Ya Ruɓe

Zuwa ga Alhaji mai lambun mangwaron da aka kewaye da waya a hanyar Gazara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa da girmamawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ba ka san ni ba, ni ma ban taɓa ganinka ba. Wasu sun ce kana Kaduna, wasu sun ce Abuja. Shi ya sa na rubuta a fili, ko wani na kusa da kai zai isar maka.

Sunana Hajara. Ni ce mai gonar gwaibar da ke jikin shingenka ta yamma. Itace goma sha tara ne, mijina Malam Idi ya dasa su kafin Allah Ya karɓi ransa, da su nake ciyar da 'ya'yan da ya bari.

Na farko. Shekara uku ke nan wani ɗan ƙuda mai ratsin rawaya yana huda mana gwaiba. Ka gan ta sumul, ka ɓare, cikinta tsutsa. Malamin gona ya ce a riƙa tsince duk wadda ta faɗo ana binnewa a rami mai zurfi. Kullum da hantsi haka nake yi. Amma ya nuna mini ta cikin wayar shingenka: mangwaronka yana zube a ƙasa tun bazara, ba mai ɗauka. A ciki ƙudan yake hayayyafa, idan mangwaron ya ƙare sai ya tsallako wurina.

Na biyu. A makaranta an karantar da mu cewa ba a ɓoye aibin haja. Bara na kai kwando shida kasuwar Makarfi. Duk wanda ya taya sai in ce masa wataƙila da tsutsa a ciki, ba ni da yadda zan gane. Wata mai sayar da yalo kusa da ni ta yi ta zungurina, wai in yi shiru mana, ni na zuba musu tsutsar? Kwando biyar na dawo da su gida.

Na uku, shi ya fi yi mini nauyi. Maƙwabta sun ce in ɗaga wayar in shiga kawai, tunda ba mai gadi, kwadon ƙofar ma ya yi tsatsa. Alhaji, ba zan iya ba. Lambunka ne, ko ruɓaɓɓen cikinsa naka ne, kuma gobe kiyama za a tambaye ni. Ƙanin mijina kuwa, wanda al'amarin marayun ke hannunsa, ya ce in bana ma haka aka yi, da rani zai sa a sare itatuwan a shuka masara. Ban ga laifinsa ba.

Ba diyya nake nema ba, ba kuma na ce da gangan ka yi ba. Ka sa a riƙa tsincewa. In hakan zai yi maka wuya, ka aiko wa mai unguwarmu cewa ka yarda in shiga. Da fartanyata zan zo, ba zan taɓa ko ɗaya da ke bisa ba.

Allah Ya yi wa dukiyarka albarka, Ya jiƙan mahaifanka, Ya raba ka da haƙƙin maƙwabci.

Mangwaron bana ya fara nuna. Shekaranjiya uku suka faɗo dab da shinge, hannuna zai kai. Suna nan, ina jiran amsarka.

Wassalam.

Hajara, matar marigayi Malam Idi