Randarmu Ba Bido Ba Ce

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar da ta raba ƙwayar tsabtace ruwa a Dagmanet, Agadas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Alhasan, baduku ne ni, jaka da takalmi nake ɗinkawa. Ban saba rubuta wa manya takarda ba, amma abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. 'Yata Mariyama ta rasu a daminar bara tana da shekara uku, kuma lokotoro, wato likita, ya ce ruwa marar tsabta ne sanadi.

Na ɗaya. Lokacin da pompo ya ɗauke muka koma sayen ruwan rijiya wurin 'yan ga-ruwa, mutanenka sun zo ƙofar mai unguwa ran wata Talata. Sun kawo bido, jarkar nan mai litir ashirin, suka jefa ƙwaya ɗaya, suka ce a jira rabin awa kafin a sha. Muka yi godiya, aka watse. Ranka ya daɗe, wa ke shan ruwa daga bido a Agadas? Ruwan bido kafin azahar ya yi ɗumi kamar na wankan jego. A randa muke sha, kuma ba wanda ya kawo randa wurin nan.

Na biyu. A gidajenmu ba a barin randa ta ƙafe. Da ta yi rabi, ga-ruwa ya zo, a cika ta. Mai ɗakina ta tashi a Timia cikin awaki, inda ake barin ɗan tsohon nono a ƙwarya don ya kama sabuwar madara. Sai ta ɗauka haka maganin yake: wanda ya rage a gindin randa zai kama sabon ruwan da aka zuba. Takan jefa ƙwaya da safe, a ƙara ruwa da rana, a ƙara da la'asar, hankalinta kwance. Ta tambaye ni, na ce ai haka ne, har na yaba mata dabara. Wannan kason laifin nawa ne, ba na ɓoye shi.

Takardar da kuka haɗa da ƙwayar da Faransanci take, rubutun kamar ƙafar kiyashi. Ni aji huɗu na yi na bar lakwal. Sai bayan sadakar bakwai wani maƙwabcinmu malamin lakwal ya karanta mana ita: duk sabon ruwa da tasa ƙwayar, in kuma ruwan ya yi laka a tace shi tukuna. Layi biyu ne kacal. Na zauna na yi kuka kamar yaro a gaban maza.

Na uku. Mariyama ta fara zawo ran Alhamis, amai ya biyo baya. Muka yi ta ɗura mata ruwan randar nan, don mun tabbata shi ne mai magani. Ran Asabar muka kai ta gidan likita aka sa mata ƙarin ruwa, ran Lahadi da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ban kuma ce kun zo da mugun nufi ba. Amma ba da magani daban, koya wa mutum amfani da shi daban.

Tun daga lokacin na shiga gida tara a layinmu na tambaya. Gida shida abin da muka yi suke yi har yau, kuma duk suna da yara ƙanana. Ina faɗa musu, wasu su ji, wasu su ce baƙin ciki ne ya taɓa ni.

Don haka ina roƙonka ka sake turo mutanenka, su yi bayanin a gaban randa, a cikin gida, da Hausa da Buzanci. A sa mata cikinsu, don mata ke riƙe da ruwan gida. A kuma sa hoto a takardar, saboda irinmu.

Roƙona na ƙarshe ya fi nauyi. Muna da ɗan goye yanzu, ya fara shan ruwa. Uwarsa ba ta iya ba shi da hannunta. Takan ɗebo, ta tsaya tana kallon moɗar, sai ta miƙo mini. In ina kasuwa, maƙwabciya take kira. Na faɗa mata ba ita ta kashe 'yarta ba har bakina ya gaji, amma maganata ba ta da nauyi wurinta, tunda ni ne na ce mata ai haka ne. Ku da kuka san aikin, a samu mutum ɗaya ya taka ƙofarmu ya gaya mata cewa ba a koya mata ba ne.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raya maka zuri'a, kada ya nuna maka abin da na gani.

Wassalam.

Alhasan Baduku,
Dagmanet, Agadas.