Ƙulli Biyu Zuwa ga Tsohuwa Dije

Zuwa ga Malama Dije, gidan ɗanta Usman, Kaduna.

Assalamu alaikum. Daga Babban Likitan ƙasar nan baki ɗaya, mai farar riga da doguwar allura, wanda ko Gwamna in ya ce ya buɗe baki sai ya buɗe. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina samun sauƙi.

Labari ya iso ofishina cewa tun da aka ɗauke ki daga Gombe saboda kumburin ƙafa, kin yi yaji da abinci. Kin ture burodi, kin ture madarar gwangwani, ƙwayoyin asibiti kuma kina ƙulle su a bakin zani. Har an ce wuyanki ya fito. Wannan babban laifi ne a wurin hukuma.

Na sa an bincika mini halinki a unguwar Dawaki. Ashe ke ce tsohuwar nan da ba a shan kankana a gidanta sai da tasa a tsakiya. Wanda ya tofar da ɗan kankana guda a ƙasa, sai ya duƙa ya tsince. Ki wanke, ki shanya a faifai, ki zauna gadi da kara a hannu, kaji na zagayenki.

In mai ciwon fitsari ya zo, ki daka 'ya'yan, ki dafa, ki tace, ki tsaya a kansa sai ya shanye. Kina cewa, "Jan na yara ne, maganin na cikin baƙin." Agushi kuwa kin ce shi ke hana jiki tsatsa, wai shi ya sa goshinki ya fi na 'yammata sheƙi.

To, ga hukuncina. Direban da ya kawo takardar nan yana riƙe da ƙulli biyu, 'ya'yan kankanar gonarmu ta garin Kwadon da ɓararren agushi. A yi miki miya da tuwon dawa, ki cinye tas. Ruwan 'ya'yan kankana da safe. Amma ƙwayoyin nan ma ki haɗiye su, Kaka, don Allah. Ba su da gaba da naki maganin.

Gida ya yi shiru. Jiya mun sha kankana, ba wanda ya yi mana faɗa, sai ta ƙi daɗi. Irin shuka yana nan a ƙwaryarki ban taɓa ba, don ba mai idon zaɓensa sai ke, ga damina ta matso.

Allah ya sassauta kumburin nan, ya buɗe miki cin abinci, ya dawo mana da ke kina takawa da ƙafarki. Amin.

Na san Baffa Usman yana karanta miki yana dariya, don bai taɓa ganin likita mai rubutun ajami da tawadar allo ba. Ni ne dai, jikanki kuma angonki Sale, wanda ɓarar agushi ta cinye wa farce. Ki ci abinci, amarya, ni ba na son mace ramammiya.