Facin Hanyar Iska

Litinin, 3 ga Maris
Kurɓi ɗaya na ruwa, tari ya kusa kashe ni. Likita ta ce gashin da aka yi wa kansar maƙoshina ya yi aiki, amma ya bar huda tsakanin hanyar abinci da ta iska. Duk abin da na haɗiya, huhu yake zarcewa. An hana ni ci da sha, sai ta robar da aka zura min zuwa ciki.

Laraba, 5 ga Maris
Ta zana min a bayan takarda. Za su cire wurin da ya lalace, su yanko tsoka daga haƙarƙarina su toshe hudar. Na ce, "Likita, shekara talatin ina facin taya, yau ga ni a hannun mai faci." Ta yi dariya. 'Yata Auta ba ta yi ba.
Na sa hannu. Ban gaya wa yarinyar cewa na riga na fid da rai ba.

Juma'a, 7 ga Maris
Gobe tiyata. Ƙishirwa.

Alhamis, 13 ga Maris
Sai yau na iya riƙe biro. Awa tara ana aikin, in ji Auta. Wai ta ƙirga tayil ɗin barandar kaf, sau biyu. Ba murya, gefena kamar an taka da mota. Mai gadon kusa da ni, wanda rediyonsa ba ya hutawa, ya ce ɗakin ya samu lafiya tunda bakina ya mutu. Zai gani.

Talata, 18 ga Maris
Zazzaɓi. Likita ta daɗe tana kallon hoton ƙirjina. Auta ta fita, ta dawo ido jawur, wai mura.

Litinin, 24 ga Maris
Zazzaɓin ya sauka. Sun ba ni wani farin ruwa na haɗiya a gaban na'ura, su ga ko facin yana yoyo. Ko ɗigo. Sai cokali ɗaya na ruwan sanyi. Na jira tarin. Shiru.
"Baba, ƙara," in ji Auta, tana miƙo min cokalin.

Asabar, 5 ga Afrilu
Gida. Likita ta ce sauran magani na nan, kada in yi saurin murna. To.
Na kai bakin titi na dawo, da hutu biyu. Na ce wa Auta ta nemo min sabon takalmi, mai ƙwari, wanda zai yi shekaru. Ta tsaya tana kallona.
Ba wani abu ba ne. Tsohon ne yake matse min yatsa.